Daga Gwaram Zuwa Gwaram A Cikin Mil 29,000

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar samari a Gwaram bayan sallar isha'i, ko a Sabuwa ko a Tsohuwa, ya san musu iri biyu ne ba sa ƙarewa: na ƙwallo da na fim. A da sai an taru a gidan kallo, a zuba wa talabijin guda ido, janareto na ta ruri a bayan zana. Yanzu kowa da sinimarsa a tafin hannu, an je shagon mai tura fina-finai an cika waya taf. Amma hirar tana nan yadda take. Wannan zai rantse maka ya san Mumbai lungu-lungu, wancan ya ce ai shi ko an ɗaure masa ido zai kai kansa ƙofar gidan Shah Rukh Khan. Alhali kuwa a cikinsu akwai wanda iyakar tafiyarsa Kano, ita ma ɗin jinyar kawunsa ce ta kai shi.

Tsofaffin 'yan kallo za su iya tuna wani fim ɗin Indiya na 1967 mai suna Around the World, inda Raj Kapoor ya fito a matsayin saurayin da ya kewaye duniya da dala takwas a aljihu. 'Yan baya kuma sun ga Jackie Chan a 2004 cikin Around the World in 80 Days, labarin da aka ɗauko daga littafin Bafaranshen nan Jules Verne. To, wannan duk fim ne. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a zahiri akwai tikitin jirgin sama guda ɗaya tak da ake yanka domin irin wannan tafiya, mutum ya tashi daga ƙasarsa ya nufi gabas, ya yi ta tafiya har ya ɓullo gida ta yamma. Shi tikitin ba ruwansa da kwana 80. Nisa yake ƙirgawa, da mil, kuma an yi masa iyaka. Wanda ya haura iyakar ko da mil ɗaya ne, kuɗinsa ya tashi.

A ɗauka wani saurayi ne a Gwaram, mayen kallo na gaske, riɗi ya yi masa albarka shekara da shekaru, ya ce shi fa sai ya taka ƙafarsa a duk garin da ake shirya fina-finan da suka hana shi barci. Shin mil ɗin zai ishe shi?

YADDA TIKITIN YAKE

Babu kamfanin jirgi guda da ke zuwa ko'ina a duniya. Shi ya sa manyan kamfanoni suka ƙulla ƙawance, kamar dai a ce ka biya kuɗin Legas tun daga tashar Gwaram, wannan mota ta sauke ka a Kano, wata ta ɗauka, ba tare da ka sake sa hannu a aljihu ba. Ƙawancen farko shi ne Star Alliance, wanda aka kafa a 1997. A cikinsa akwai EgyptAir na Masar, wanda ya shiga a 2008, da Ethiopian Airlines na Habasha, wanda ya shiga a 2011, kuma dukkansu biyu suna sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Akwai kuma ƙawancen oneworld na 1999, inda Qatar Airways yake, wanda ya fara zuwa Kano a 2022. Su fitaccen tikitinsu yawan nahiyoyi yake ƙirgawa. Da yake maganar mil ake yi, na Star Alliance gogan naka zai duba.

Hawa-hawa ne: akwai mil 29,000, da mil 34,000, da mil 39,000, kowane da farashinsa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ita kuwa duniya, in aka zagaye ta ta ƙugu, inda ta fi kauri, mil 24,901 ce. Ke nan tikitin mil 29,000 ya ba ka zagaye ɗaya cif, sannan ya ɗora maka gyara ta kusan mil 4,000. A kan wannan gyarar duk wasan yake.

Sharuɗɗan ba su da wuyar ganewa. A ƙasar da ka fara a nan za ka ƙare, ko da ba a gari ɗaya ba, wato kana iya tashi a Kano ka sauka a Abuja. Dole ka tsallake Tekun Pasifik sau ɗaya, Tekun Atlantika sau ɗaya, kuma in ka ɗauki gabas to gabas ɗin za ka riƙe, ko da yake ana yarda ka ɗan yi gaba ka yi baya a cikin yanki ɗaya. Hawa jirgi bai wuce 16 ba, a kuma gama komai cikin shekara guda. In ka haura sa'a 24 a gari, zango ka yi, kuma zango ɗaya ake ba kowane gari. In ba ka kai haka ba, canjin jirgi ne kawai. Wanda kuma ya ce bari ya yi wa tikitin wayo, ya sauka a wannan gari ya hau jirgin ƙasa zuwa wancan ya ci gaba daga can, to an riga shi. Nisan da ya yi a ƙasa ma za a zare masa daga cikin mil ɗinsa, tamkar a sama ya yi shi.

TUN KAFIN A GA JIRGI

Kwamfutar kamfani daga Kano take fara lissafi. Gogan naka kuwa daga tashar Gwaram tafiyarsa za ta soma, kuma tsakaninsa da filin jirgi akwai kusan kilomita 180, wato mil ɗari da 'yan kai da babu mai rubuta masa su. Abin dariyar ma shi ne, mutumin da zai zagaya duniya ta gabas sai ya fara yin yamma tukuna: Gwaram zuwa Birnin Kudu, Kwanar Huguma, gadar Wudil, sannan Kano. In jirgi ya tashi kuma ya sake ratsowa ta samaniyar Jigawar da ya baro da asuba.

Mutanen da ba su yi wannan kwana-kwana ba. Titin nan da ya ratsa Birnin Kudu da Gwaram, ya bi ta Basirka ya shiga ƙasar Bauchi, gabas ya dosa, kuma gabas ɗin alhazan farko suka riƙa bi a ƙafa da kan jaki. Daga ƙasar Hausa a shiga Barno, a wuce Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, sai Abeshe, sai Darfur, sai El Obeid, sai Khartum, har bakin Bahar Maliya a Suwakin ko Port Sudan, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, a tara, a ƙara gaba. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu a Sudan, jama'ar da suka biyo Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi, bayan Turawa sun kashe shi a Burmi a 1903. Su ma suna da nasu lissafin iyaka, sai dai ba na mil ba ne. Tazarar rijiya da rijiya suke aunawa, da yawan hatsin da jaki zai iya ɗauka.

Har gobe titin ba abin rainawa ba ne, musamman da damina. A watan Agustan 2021 ruwa ya yanke wata gada tsakanin Gwaram da Basirka, mota ta afka, mutum 21 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Wancan ɓangaren gabas ne, amma titin ɗaya ne, kuma akwai dalilin da ya sa mai wannan tikiti zai kula da shi fiye da kowa: a ƙa'idar kamfanonin jirgi, wanda jirgin farko ya tashi ya bar shi ba tare da ya sanar ba, ana iya soke masa sauran tafiyar gaba ɗaya. Faci ɗaya a Kwanar Huguma ya isa ya cinye Mumbai da Hong Kong da Landan a lokaci guda. Mai hankali a Kano yake kwana.

Tunda kuwa zai tafi da wuri, ba laifi ya tsaya a Birnin Kudu ya ga abin da Turawa suke biyan kuɗin jirgi su zo gani. A cikin kogunan Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da mutanen da suka shuɗe suka yi a jikin dutse, akwai kuma duwatsun da in an buga su suke amo kamar ƙararrawa. Tun a shekarun 1950 masu bincike suka yi rubutu a kansu, gwamnatin tarayya kuma ta sanya su cikin kayan tarihin ƙasa. Kunya ce mutum ya je ya tsaya gaban dalar Fir'auna yana ɗaukar hoto, a tambaye shi me ke garinsu ya yi shiru. (Su ma furodusoshi masu neman lokeshin na waƙa, da suka maƙale wa lambu ɗaya da otal ɗaya, da sun leƙa nan da sun huta.)

Wani zai ce to ina filin jirgin Dutse, wanda aka buɗe a 2014 zamanin Gwamna Sule Lamido, ai ya fi kusa? Ya fi kusa, kuma alhazan Jigawa sun tashi daga can. Sai dai babu jirgin ƙawancen nan da ke da layi a Dutse, don haka tikitin bai san da zamansa ba. Kano ce ƙofa, kuma ta daɗe tana ƙofa. A 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa na Kano. Kamfanin KLM na Holan ya yi jigila a Kano tun daga 1947 har zuwa 2012. Layin da gogan naka zai fara bi, Kano zuwa Alƙahira, kusan shi ne wanda waɗancan jirage uku suka biyo, sai dai shi tafiya zai yi, su zuwa suka yi.

A ƊAUKO BIRO

Alkaluman da ke tafe na miƙaƙƙen layi ne tsakanin filin jirgi da filin jirgi, an ɗan daidaita su. Da irinsu kamfani yake aiki, ba da yawon da matuƙi ya yi a sama yana jiran izinin sauka ba.

Kano zuwa Alƙahira, mil 1,920. Zangon farko ke nan, kuma ya cancanta, don Masar ce uwar fim a ƙasashen Larabawa. Tun a 1935 aka buɗe Studio Misr, shekara 55 kafin a yi Turmin Danya a Kano.

Daga Alƙahira kai-tsaye zuwa Mumbai mil 2,700 ne. Amma a nan akwai wani abin daɗi. In aka bi ta Jidda, Alƙahira zuwa Jidda mil 760, Jidda zuwa Mumbai mil 2,190, jimla 2,950. Wato Umara mil 250 kacal za ta ƙara masa. Hanyar da kakanni suka kwashe shekaru a kanta, a wannan lissafin ko kashi ɗaya cikin ɗari na tikitin ba ta ci ba. Duk ɗan Gwaram ɗin da ya tsallake wannan zango ya wuce Indiya kallon 'yan rawa, to ya shirya amsar da zai ba mahaifiyarsa.

Sai Mumbai, wadda iyaye suka sani da Bombay. Nan ne zuciyar tafiyar, kuma nan ya kamata ya zuba yawancin kwanakinsa. Soyayyar Bahaushe da fim ɗin Indiya ta girmi Kannywood nesa ba kusa ba. Tun zamanin Mother India na 1957 ake cika sinimu a Kano, har 'yan kallo suka raɗa wa jaruman sunayen gida: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. A unguwar Goregaon akwai Film City, inda ake gina ƙauye da fada da kurkuku a rushe su cikin mako guda. A Bandra, bakin teku, akwai Mannat, gidan Shah Rukh Khan, inda dubban masoya kan yi cincirindo ranar 2 ga Nuwamba, ranar haihuwarsa. Sannan akwai sinimar Maratha Mandir, wadda ta fara nuna Dilwale Dulhania Le Jayenge a 1995 ta kuma shafe shekaru kusan 30 tana nuna shi kullum, in ban da lokacin kullen korona. A ce yau wata sinima a Kano tana nan tana nuna Sangaya kowace rana tun fitowarsa! Kuma kada a ce garin ya fi ƙarfin Bahaushe: Rahama Sadau ta fito a Khuda Haafiz kashi na biyu tare da Vidyut Jammwal a 2022. Air India ma yana cikin ƙawancen tun 2014, saboda haka shiga da fita Indiya ba matsala.

Daga Mumbai a bi ta Bankok, mil 1,880, garin su Tony Jaa mai Ong-Bak, a canza jirgi. Bankok zuwa Hong Kong, mil 1,050. A bakin ruwan Tsim Sha Tsui akwai mutum-mutumin Bruce Lee da aka kafa a 2005, ya gyara tsayuwa kamar zai kai duka. Duk yaron da ya taɓa fitowa daga gidan kallo ya kai wa ƙaninsa ƙafa yana ihu, ya san bashin da ake bin sa a garin nan. Zuwa yanzu an ci mil 7,800.

Yanzu ne za a yi babbar loma. Hong Kong zuwa Los Angeles mil 7,260 ne a zama ɗaya, wato kashi ɗaya cikin huɗu na tikitin gaba ɗaya, sa'a 12 zuwa 13 ba abin da ke ƙasa sai ruwa. A tsakiyar tekun nan ne layin da kwanan wata yake sauyawa. Hong Kong tana gaban Los Angeles da sa'a 15 ko 16, gwargwadon lokacin shekara, don haka wanda ya tashi ranar Juma'a da azahar zai sauka ranar Juma'ar nan dai da safe. Wannan rarar kwana ɗayan ce ta ceci jarumin littafin Jules Verne, ya ci cacar da ya ɗauka ya faɗi. Maganar yadda za a yi da salla a irin wannan rana kuwa, gara a tambayi malam tun a gida.

A Los Angeles a ga rubutun Hollywood a jikin tsauni, a taka titin da aka jera taurari da sunayen jarumai. Sai New York, mil 2,450. Sai a tsallake Atlantika zuwa Landan, mil 3,460. Daga Landan a koma Alƙahira, mil 2,200, wannan karon canjin jirgi kawai tunda an riga an ci zangonta, sannan Kano, mil 1,920.

Jimla: mil 25,090, hawa jirgi goma. Saura mil 3,910.

To me za a saya da canjin? A nan ake gane wanda ya iya kasuwa. Duk garin da ke kan layi kusan kyauta ne, wanda ke gefe kuwa sau biyu ake biyansa, zuwa da dawowa. Misali, masoyin Indiya ba zai so ya wuce Suwizalan ba, ƙasar tsaunukan ƙanƙarar da marigayi Yash Chopra ya mayar lokeshin ɗinsa, har mutanen garin Interlaken suka kafa masa mutum-mutumi a 2016. Landan zuwa Zurich mil 490, Zurich zuwa Alƙahira mil 1,705. A haɗa a gani: daidai yake da tafiya kai-tsaye, domin Zurich a kan layin take zaune ɗaram. Ko sisin mil ba ta ci ba. Masu bin Ertugrul kuma in suka zaɓi Istanbul a madadinta, ƙarin bai kai mil 150 ba. Delhi, ga mai son ya ƙarasa Taj Mahal, kimanin mil 660.

Amma bari ya ce yana son Sidni ta Ostireliya, don ya ga inda aka ɗauki Dil Chahta Hai da The Matrix. Ko da a ce ya sami jirgi kai-tsaye, Hong Kong zuwa Sidni mil 4,590 ne, Sidni zuwa Los Angeles mil 7,490. Ƙarin mil 4,820 ke nan, jimla ta koma 29,910. Ya haura da mil 910, kuma saboda wannan ɗan ƙarin sai ya sayi tikitin 34,000 sukutum. Garuruwan fim ɗin da Bahaushe ya damu da su duk a arewacin duniya suke, a jere kamar an ɗaura mata ɗamara. Da ka gangara kudu, ka fita daga layi.

Abu ɗaya da za a riƙe: kamfanoni suna buɗe layi suna rufewa. Kafin a biya, sai an tabbatar kowane tsalle akwai jirgin ƙawancen da ke yin sa a wannan lokacin, in babu a nemi garin da za a bi a kuma sake lissafi.

INDA GIZO KE SAƘA

A takarda dai an ga mil ya isa har da canji. Da a ce gogan naka fasfon Japan ko na Jamus yake riƙe da shi, da hira ta ƙare a nan. Amma koren fasfo ne a aljihunsa, kuma Masar, Saudiyya, Indiya, Hong Kong, Amurka da Ingila kowace sai da bizarta. Zurich ɗin nan da ba ta ci mil ko ɗaya ba, biza ta bakwai take nema, da fom ɗinta da kuɗinta da takardar banki da ranar ganawa. Yawancin ofisoshin a Abuja ko Legas suke. Kafin ya ga ƙofar jirgi, zai iya yin Gwaram zuwa Abuja sau uku ko huɗu, kuma waɗannan ma babu mai rubuta masa su.

Kada ya ɗauka talaucinsa ne ya jawo. A Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, nan kan hanyarsa, Alhaji Aliko Ɗangote ya yi sakandare. A 2024, a wani taron 'yan kasuwa a Kigali, shi da bakinsa ya koka cewa da fasfon Najeriya sai ya nemi biza har 35 kafin ya iya zagaya Afirka. Mai jirgin kansa ke nan.

Mafi tsauri ita ce Amurka. Ita ba ta san wani abu wai canjin jirgi ba tare da biza ba, ko sa'a biyu za ka yi a filin jirginta sai da izini. Kuɗin neman bizar ziyara dala 185 ne tun 2023, a ba ka ko a hana ka ba a mayarwa. (Dala takwas ɗin Raj Kapoor ko fom ba za ta saya ba.) A watan Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. A Disambar shekarar kuma ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita ba su irin wannan biza daga farkon 2026. Tikiti ya ce kana da shekara guda, biza ta ce wata uku. Wanda ya shantake a Mumbai yana jiran ya hango Shah Rukh Khan, zai iya isa Hong Kong ya tarar takardarsa ta gaba ta mutu, ga shi kuma tikitin ya hana komawa baya.

Akwai mafita, amma da asara. Tekun Pasifik dole ne, Amurka ba dole ba ce. Air Canada yana cikin ƙawancen: Hong Kong zuwa Vancouver mil 6,390, Vancouver zuwa Landan mil 4,720. An ma rage kimanin mil 2,000, kuma Vancouver ba baƙuwar kyamara ba ce, can aka ɗauki Deadpool. Sai dai an zagaya duniyar fim ba a ga Hollywood ba, kuma ita ma Kanada da tata bizar.

Sai kuɗi. Farashin tikitin ya danganta da ƙasar da aka fara tafiya da kuma ajin kujera, amma ko na baya-baya ne maganar dubban daloli ake, ban da masauki da abinci. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Buhunan riɗin da za su sayi tikitin a da, yanzu sai an duba su da kyau. Ga kuma wani ƙulli: ofishin jakadanci yana son ganin tsarin tafiya kafin ya ba da biza, mai hankali kuma ba ya son biyan tikiti kafin biza ta fito. Abin da ke ɗan sassautawa shi ne, irin wannan tikiti yakan yarda a sauya ranar tafiya cikin sauƙi, sauya gari ne ke jawo tara da sabon lissafi. Saboda haka bizar da ta fi wuya ita ake fara nema, a gina sauran a kanta, sannan a ɗauko biro.

In duk an haye, ranar ƙarshe jirgin Masar zai sauke shi a Kano, kwamfuta ta rufe lissafinta a mil 25,090. Ragowar 3,910 ɗin ba a mayar da kuɗinsu, ba a kuma ajiye wa mutum su sai baɗi. Zai ja akwatinsa ya nemi motar hanyar Wudil kafin la'asar, a jira ta cika, a tsaya a Birnin Kudu a sauke masu buhu. Da isha'i yana majalisa. Ba wanda zai tambaye shi mil nawa ya ci. Tambayar farko ita ce ko ya ga Shah Rukh Khan ido da ido, gidan kuwa katangarsa doguwa ce, ga masu gadi a ƙofa.